Ƙofar gefe: Yadda aka riƙa sayen gurbin karatu a manyan jami'o'in Amurka

Me ya sa wata uwa za ta kwana a gidan yari saboda ta biya dala 15,000 an gyara wa 'yarta amsoshin jarrabawa, alhali wani uban yana miƙa wa jami'a kyautar miliyoyin daloli a daidai lokacin da ɗansa ke neman gurbi, a karɓa hannu bibbiyu, har a rubuta sunansa a jikin gini? Wannan tambaya ce ke dawowa duk sanda aka tayar da zancen badaƙalar shiga manyan jami'o'in Amurka, wadda asirinta ya tonu a 2019. Yawancin masu ba da labarin suna tsayawa ne a kan taurarin talabijin biyu da aka ɗaure, sai mai sauraro ya ɗauka an kama masu laifi, an hukunta su, magana ta mutu. Ba ta mutu ba. Wanda duk ya bi shari'ar daga tushe zai ga cewa mutumin da ya shirya maguɗin bai ƙirƙiro cinikin gurbin karatu ba. Ya tarar da kasuwar tana ci, sai ya karya farashi, ya kuma ƙara da abin da jami'o'in ba sa bayarwa, wato tabbaci.

Abin da ya faru

Ranar 12 ga Maris, 2019, ofishin mai gabatar da ƙara na gwamnatin tarayya a birnin Boston, ƙarƙashin Andrew Lelling, ya sanar da tuhumar mutum 50 a wani bincike da hukumar binciken manyan laifuka ta FBI ta sa wa suna Operation Varsity Blues. Daga cikinsu 33 iyaye ne, sauran kuma kociyoyin wasanni ne na jami'o'i, da masu sa ido a ɗakin jarrabawa, da 'yan kanzagin shugaban shirin. Daga baya adadin waɗanda aka tuhuma ya ƙaru. Jami'o'in da abin ya shafa sun haɗa da Yale, da Stanford, da Georgetown, da Jami'ar Kudancin Kalifoniya da aka fi sani da USC, da Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles (UCLA), da Wake Forest, da Jami'ar Texas da ke Austin.

Shugaban shirin shi ne William Singer, wanda aka fi sani da Rick, mazaunin Newport Beach a jihar Kalifoniya. Sana'arsa ta fili halal ce: yana ba iyaye shawara kan yadda 'ya'yansu za su nemi jami'a, sana'ar da dubban mutane ke yi a ƙasar. A bayan fage kuwa, tsakanin 2011 da farkon 2019, iyaye sun zuba masa kimanin dala miliyan 25 don ya shigar da 'ya'yansu ta hanyar ƙarya.

Yadda ake ɗaukar ɗalibi a can

Ba za a gane maguɗin ba sai an gane tsarin. Wanda ya saba da JAMB ya san akwai makin da ake yankewa, aƙalla a takarda. A manyan jami'o'in Amurka babu wannan. Suna cewa suna duba ɗalibi gaba ɗayansa: sakamakon sakandare, makin jarrabawar neman shiga jami'a ta SAT ko ACT, rubutun da ya yi a kan rayuwarsa, wasiƙun shaida daga malamansa, wasannin da yake yi, ayyukan sa kai, har da abin da suke kira hali. Daga nan kwamiti ya zauna a rufe ya zaɓa, kuma babu wanda ke bin sa bashin bayani.

Masu nema kuma sun yi wa guraben yawa ƙwarai. A shekarar da abin ya fashe, Harvard da Stanford ba sa ɗaukar ko kashi 5 cikin 100 na masu nema. Dubban yara masu cikakken sakamako ake mayarwa gida kowace shekara. Me ake rububi a kai? Alƙalai 8 cikin 9 na Kotun Ƙolin Amurka a Harvard ko Yale suka karanta shari'a. Wani bincike da masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa suka fitar a 2023 ya nuna cewa jami'o'i 12 kacal, waɗanda ba su ɗauke ko kashi 1 cikin 100 na ɗaliban ƙasar ba, su ne suka yaye kusan kashi ɗaya bisa huɗu na sanatoci. Gurbi a irin waɗannan wurare ba ilimi kaɗai ake nema da shi ba, har da sanin mutane, da aure, da aiki, da suna.

Abu mai tsada haka, wanda ake rabawa a ɓoye ba tare da ma'auni bayyananne ba, dole dillalai su kewaye shi.

Ƙofofi uku

Singer da kansa ya yi wa abokan cinikinsa bayanin harkar, a maganganun da jami'an tsaro suka naɗa, ya kuma maimaita a gaban alƙali. Ya ce akwai ƙofar gaba, inda yaro ke shiga da ƙoƙarinsa. Akwai ƙofar baya, inda uba ke ba jami'a gagarumar kyauta, amma kuɗin ya ninka wanda Singer ke karɓa sau goma kuma babu tabbacin za a ɗauki yaron. Shi kuma ya buɗe ƙofar gefe, mai rahusa, mai tabbas. Ya yi iƙirarin cewa ya shigar da yaran iyalai sama da 700 ta wannan ƙofa.

Kuɗin ba hannu da hannu ake ba shi ba. Ya kafa wata gidauniya mai suna Key Worldwide Foundation, wadda aka yi wa rajista a matsayin ta taimakon yara marasa galihu. Iyaye sukan tura cin hancin can da sunan sadaka, gidauniyar ta aiko musu da takardar godiya mai cewa ba a ba su komai ba a madadin kuɗinsu. Da wannan takarda wasunsu suka nemi ragin haraji. Wannan ɓangaren ya fi ci mini rai a duk labarin. An ƙwace gurbin yaron talaka, an yi amfani da sunan yaron talaka wajen wanke kuɗin, sannan aka sa baitulmalin da talaka ke zuba wa haraji ya ɗauki wani kaso na cin hancin.

Hanya ta farko: jarrabawa

Dokar Amurka ta ba ɗalibi mai wata larura ta koyo damar a ƙara masa lokaci a jarrabawa, wani lokaci ma ya rubuta ta shi kaɗai a cikin kwana biyu ko fiye. Tanadi ne na tausayi, kuma akwai yara da yawa da ke buƙatarsa da gaske. Singer yakan ce wa iyaye su kai yaro wurin likitan ƙwaƙwalwa, yaron ya nuna kamar ba ya ganewa da sauri, a samo takardar shaida. Da zarar an samu, sai a ƙirƙiro dalilin tafiya, kamar bikin aure, a mayar da wurin jarrabawar zuwa ɗaya daga cibiyoyi biyu da ya riga ya saye masu kula da su, ɗaya a Houston, ɗaya a West Hollywood.

A can wani mutum ke jira, Mark Riddell, wanda ya yi karatu a Harvard kuma yake koyar da shirin jarrabawa a wata makaranta a Florida. Wani lokaci shi ke rubuta jarrabawar gaba ɗaya, wani lokaci ya zauna kusa da yaro yana nuna masa amsa, wani lokaci kuma sai yaro ya tashi ya tafi sannan ya gyara takardar. Ba satar tambayoyi yake yi ba, ya iya jarrabawar ne har yana iya saita makin da aka ce masa, don kada ya yi yawan da za a yi zargi. Ana ba shi dala 10,000 a kowace jarrabawa, iyaye kuma suna biyan tsakanin dala 15,000 da 75,000.

Ta nan Felicity Huffman, fitacciyar 'yar wasan kwaikwayo, ta bi. 'Yarta ta samu maki 1420 cikin 1600, ƙarin kusan maki 400 a kan abin da ta samu a jarrabawar gwaji. Da yawa daga cikin yaran da aka yi wa haka ba su san abin da ake ciki ba. Sun fito suna murna, suna ganin ƙoƙarinsu ne, sai a kanun labarai suka ji cewa iyayensu ba su yarda za su iya da kansu ba.

Hanya ta biyu: 'yan wasan da ba su taɓa wasa ba

Wannan ce babbar hanyar, kuma ita ce ta fi fallasa tsarin. Jami'o'in Amurka suna gasar wasanni a tsakaninsu da matuƙar muhimmanci. Harvard kaɗai tana da ƙungiyoyin wasa 42. Don haka kowane koci ana ware masa wasu gurabe, ya kawo sunayen yaran da yake so, ofishin ɗaukar ɗalibai ya amince da su ko da sakamakonsu bai kai na sauran ba. A wasanni irin su ƙwallon kwando idon duniya na kan kowane ɗan wasa, ƙarya tana da wuya. Amma akwai wasannin da ba mai kallo: tseren kwale-kwale, tseren jiragen ruwa masu tafiya da iska, tanis, ƙwallon cikin ruwa. Waɗannan wasannin 'ya'yan masu hali ne tun asali, domin kayan aikinsu da wuraren yinsu ba sa samuwa a makarantar unguwar talakawa. Kociyoyinsu kuma albashinsu bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na manyan wasanni, ga shi ana matsa musu su nemo wa ƙungiyoyinsu kuɗi. Singer ya gane cewa a hannun waɗannan mutane akwai kaya mai darajar dubban ɗaruruwan daloli, kuma babu mai bin diddigin yadda suke raba shi.

Sai aka shiga ƙera 'yan wasa a takarda. A rubuta wa yaro tarihin gasar da bai taɓa zuwa ba da lambobin yabon da bai taɓa gani ba. A ɗauki hoton fuskarsa a liƙa a jikin wani ɗan wasa na gaske da aka samo a intanet. Wani ɗan kasuwa, Devin Sloane, ya sayo kayan ƙwallon cikin ruwa, ya ɗauki ɗansa hoto a tafkin wanka na gidansu, aka gyara hoton da kwamfuta, ya biya dala 250,000. Tauraruwar talabijin Lori Loughlin da mijinta Mossimo Giannulli sun biya dala 500,000 aka shigar da 'ya'yansu mata biyu USC a matsayin 'yan tseren kwale-kwale, da hotunan da aka ɗauka a kan injin motsa jiki. Kocin ƙwallon ƙafa na mata a Yale, Rudy Meredith, ya karɓi dala 400,000 a kan yarinyar da ya san ba ta buga gasa, iyalinta kuma suka biya Singer dala miliyan 1.2. Kocin tanis na Georgetown, Gordon Ernst, ya tara sama da dala miliyan 2.7. Wani iyali daga China ya biya dala miliyan 6.5 a kan gurbi guda a Stanford. Bayan an shiga, sai yaro ya ce ya ji rauni, ko kawai ya ƙi zuwa atisaye, kuma shekara da shekaru babu ofishin da ya tambaya.

A wasu makarantun sakandare an samu malamai masu ba ɗalibai shawara da suka ɗaga gira, suka ce wannan yaro ba ya wannan wasa, mu ma makarantarmu ba ta da ƙungiyarsa. Iyayen suka taso musu, suka yi shiru. Su kaɗai ne suka yi aikinsu a duk wannan layi, kuma su ne mafi ƙarancin ƙarfi a cikinsa.

Yadda dubu ta cika

Ba wata jami'a ce ta gano ba. Wannan ya kamata a riƙe. A 2018 masu bincike a Boston suna tuhumar wani ɗan kasuwar hannayen jari daga Los Angeles, Morrie Tobin, da zambar da ba ta da alaƙa da karatu. Don neman sassauci, sai ya ce yana da wani labari: kocin Yale ya nemi ya ba shi cin hanci don ya shigar da 'yarsa. Aka shirya ganawa a ɗakin wani otal a Boston a watan Afrilu na shekarar, FBI na naɗa, kocin ya nemi dala 450,000. Daga bakinsa aka ji sunan Singer. Aka saurari wayoyin Singer na tsawon watanni, sannan aka tunkare shi, ya yarda ya riƙa kiran abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya yana sa su maimaita abin da suka yi. Da ba don wani mai laifi ya nemi ceton kansa ba, babu alamar cewa harkar za ta tsaya.

Ƙofar baya, wadda doka ba ta hana ba

Jami'o'in sun fito sun ce su aka cuta, masu gabatar da ƙara ma haka suka ɗauke su. Ta wata fuskar gaskiya ne, ma'aikatansu sun ci amanarsu. Amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Tsarin nan na duba hali da asali yana da tarihi. A farkon shekarun 1920, lokacin da 'ya'yan Yahudawa baƙin haure suka fara cin jarrabawar shiga da yawa har suka haura kashi 20 cikin 100 na ɗaliban Harvard, shugabanta Lawrence Lowell ya nemi a ƙayyade yawansu. Da aka ƙi amincewa da ƙayyadewar a fili, sai aka bi ta wata hanya: aka ƙara nauyin wasiƙun shaida, da hira, da hali, aka kuma ba 'ya'yan tsofaffin ɗalibai fifiko. Yale da Princeton ma sun bi wannan sahu. Wato duhun da ke cikin tsarin ba kuskure ba ne, an gina shi ne don jami'a ta ɗauki wanda take so ba tare da ta faɗi dalili ba.

Shari'ar da aka yi da Harvard kan zargin nuna wa 'yan asalin Asiya bambanci ta tilasta mata fito da bayanan shekara shida na masu neman gurbi. Abin da aka gani ya girgiza mutane. Ɗan tsohon ɗalibi yana da damar shiga kusan kashi 33 cikin 100, alhali ta gama-garin mai nema tana wajen kashi 6. Ɗan wasan da koci ya kawo sunansa kuwa, kashi 86. Akwai kuma wani jerin sunaye na musamman da shugaban ofishin ɗaukar ɗalibai ke riƙewa, wanda ya ƙunshi 'ya'yan masu ba da kyauta. Masanin tattalin arziki Peter Arcidiacono da abokansa sun lissafa cewa kashi 43 cikin 100 na fararen fata da Harvard ta ɗauka ko dai 'yan wasa ne, ko 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, ko 'ya'yan ma'aikata, ko na cikin wancan jerin, kuma kusan uku cikin huɗunsu da ba a ɗauke su ba in babu wannan fifiko. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya, a Amurka ma.

Misalin da aka fi ambata shi ne na Jared Kushner, surukin Donald Trump. Ɗan jarida Daniel Golden ya ruwaito cewa mahaifinsa ya yi wa Harvard alƙawarin dala miliyan 2.5 a 1998, ba da daɗewa ba aka ɗauki ɗan. Iyalin sun musanta cewa akwai alaƙa tsakanin abubuwan biyu, kuma babu dokar da aka karya. Ba a jami'o'i masu zaman kansu kaɗai abin ya tsaya ba. A 2009 an bankaɗo cewa Jami'ar Illinois tana da jerin sirri na 'ya'yan masu alaƙa da 'yan siyasa, har shugabanta ya yi murabus. A 2020 mai binciken kuɗi na jihar Kalifoniya ya gano ɗalibai 64 da jami'ar gwamnatin jihar ta ɗauka saboda alfarma.

Masu kare wannan tsari suna da hujjarsu, kuma ya kamata a ji ta. Suna cewa kyautar attajiri guda tana biya wa yaran talakawa da yawa kuɗin makaranta, a inda karatun shekara ɗaya ya haura dala 80,000, kuma fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai yana ƙulla zumunci mai sa a ci gaba da bayarwa. Ban gamsu ba. Asusun ajiyar Harvard ya haura dala biliyan 50. Jami'ar MIT ba ta ba 'ya'yan tsofaffin ɗalibanta fifiko, Johns Hopkins ta daina tun 2014, Amherst ta daina a 2021, kuma babu wadda ta durƙushe a cikinsu.

Jami'o'in su ma an kama su da tasu ƙaryar. A 2022 wani malamin lissafi a Columbia, Michael Thaddeus, ya nuna cewa alƙaluman da jami'arsa ke miƙa wa mujallar da ke jera jami'o'i bisa daraja ba daidai ba ne. Columbia ta amsa, ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18. Shugaban makarantar kasuwanci ta Jami'ar Temple kuwa, Moshe Porat, ɗaurin wata 14 aka yi masa kan irin wannan.

Hukunci, da abin da kotun sama ta ce

Huffman ta amsa laifi da wuri, aka ɗaure ta kwana 14, da tarar dala 30,000. Loughlin wata biyu, mijinta wata biyar. Douglas Hodge, tsohon shugaban babban kamfanin zuba jari na PIMCO, wanda ya biya dala 850,000 a kan 'ya'yansa, wata tara. Riddell wata huɗu. Ernst wata 30. Kocin Stanford John Vandemoer, wanda bai sa ko sisi a aljihunsa ba sai a asusun ƙungiyarsa, kwana ɗaya. Shi Singer sai a Janairun 2023 aka yanke masa shekara uku da rabi, tare da umarnin biyan hukumar haraji sama da dala miliyan 10.

A lokacin shari'ar Huffman, mai gabatar da ƙara ya tuna wa kotu labarin Kelley Williams-Bolar, wata uwa baƙar fata a Akron ta jihar Ohio, wadda aka yanke wa kwana 10 a 2011 saboda ta yi amfani da adireshin mahaifinta don 'ya'yanta su shiga makarantar gwamnati mafi inganci. Ita ba ta ba kowa cin hanci ba, makarantar unguwarta ce ta guje wa.

Wasu iyayen sun ƙi amsa laifi. Hujjarsu ita ce sun ɗauka kyauta suke ba jami'a, irin wadda kowa ke bayarwa. An samu biyu daga cikinsu, John Wilson da Gamal Abdelaziz, da laifi a 2021, amma a watan Mayun 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin zamba da cin hanci da aka yi musu, sai laifin haraji guda da ya rage a kan Wilson. Daga cikin dalilan kotun akwai cewa an yi kuskure da aka gaya wa masu taya alƙali yanke hukunci cewa gurbin karatu dukiya ce kai tsaye, da kuma cewa kuɗin da ya shiga asusun jami'ar da ake cewa an cuta ba ya zama irin cin hancin da waccan doka ke nufi. Ga amsar tambayar farko ke nan a idon doka. Abin da ke raba laifi da kyauta shi ne ƙarya a takarda, da kuma aljihun da kuɗin ya faɗa. Doka ba ta hana kuɗi sayen fifiko ba, ta hana ne a saye shi a bayan idon jami'a.

Wa aka zalunta?

Gurabe a ƙirge suke. Duk yaron da aka shigar da hoton bogi, akwai wani da aka aika wa wasiƙar haƙuri, wanda ba zai taɓa sanin cewa shi ne ba. Ba ya cikin shaidu, ba a biya shi diyya ba. Wataƙila yarinya ce da ta yi shekaru tana tashi da asuba zuwa atisaye, wataƙila yaro ne da zai zama na farko a gidansu da ya taka jami'a.

Abin da ya ƙara wa zaluncin nauyi shi ne binciken da Stacy Dale da Alan Krueger suka yi, wanda ya nuna cewa ga yawancin ɗalibai masu ƙoƙari iri ɗaya, zuwa jami'a mai suna ba ya ƙara musu samu sosai, amma yana ƙara wa baƙaƙen fata, da 'yan asalin Latin Amurka, da waɗanda iyayensu ba su yi karatu mai zurfi ba. Ɗan attajiri ko ina ya je yana da jari da mutane. Wanda gurbin zai sauya wa rayuwa shi ne aka ture, aka ba wanda ba ya buƙatarsa sai don iyayensa su samu abin faɗa a cikin tsaransu. Sai kuma yara masu larurar koyo ta gaskiya, waɗanda yanzu ake yi wa kallon zargi idan suka nemi ƙarin lokaci.

Ga mai nema daga wajenmu

Nijeriya ce kan gaba a Afirka wajen tura ɗalibai Amurka, don haka dillalai sun yi yawa a wannan harka. Babu wani mutum da ke da ikon ba da tabbacin gurbi a irin waɗannan jami'o'i ta hanyar halal. Wanda ya ce zai rubuta wa yaro labarin rayuwarsa, ko ya gyara masa sakamako, ko ya samo wanda zai zauna masa jarrabawa, yana jefa shi ne cikin haɗari, domin jami'a na iya janye gurbi ko ta kori ɗalibi ko da ya yi nisa, kamar yadda Yale da Stanford suka yi a wannan badaƙala, ga kuma matsalar biza da ke biyo baya. Shawara ta gaskiya ana samunta a cibiyoyin EducationUSA na gwamnatin Amurka da ke Abuja da Legas. Kuma Harvard, da Yale, da Princeton, da MIT, da Amherst suna cikin 'yan tsirarun da ke duba takardun ɗalibin waje ba tare da la'akari da ƙarfin aljihun iyayensa ba, in sun ɗauke shi su cike masa abin da ya gaza.

Me ya sauya?

Jami'o'in da abin ya shafa sun toshe ramin da aka gani: yanzu ana tantance sunayen da koci ya kawo, ana kuma dubawa ko yaron ya fito fili bayan ya shiga. Lokacin annobar korona yawancinsu sun daina tilasta jarrabawar SAT, bisa hujjar cewa tana fifita masu kuɗin ɗaukar malamin gida. Daga baya MIT ta dawo da ita a 2022, Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka bi a 2024, suna cewa in babu maki sai a koma dogaro da rubutu da wasiƙu da ayyukan sa kai, waɗanda kuɗi ya fi saurin gyarawa.

Hukuncin Kotun Ƙoli na 29 ga Yunin 2023, wanda ya hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, ya sake hura wutar muhawarar. Mutane suka ce in an cire fifikon da ake ba waɗanda tarihi ya danne, da wane dalili za a bar na waɗanda tarihi ya ɗaga? Jihar Colorado ta riga ta hana fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai a jami'o'in gwamnati tun 2021. Virginia da Illinois da Maryland suka biyo baya a 2024, Kalifoniya kuma ta faɗaɗa hanin zuwa jami'o'i masu zaman kansu. Sai dai a 2025 Stanford ta sanar cewa za ta ci gaba da fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai da na masu ba da kyauta, ta gwammace ta haƙura da tallafin karatu na jihar ta biya daga aljihunta. A wannan shekarar ce kuma wata kotun tarayya ta amince wa Singer, wanda ya riga ya fito daga gidan yari, ya koma sana'ar ba iyaye shawara kan neman jami'a, da sharaɗin ya bayyana wa duk abokin ciniki laifukan da aka same shi da su.